Matasan Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu: shin finafinansu sun faɗi gaskiya a kansu?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon nan na kalli tsofaffin finafinan Ingila guda biyu a jere, ɗaya na 1950, ɗaya na 1960, kuma tazarar da na gani a tsakaninsu ce ta sa na kawo maganar nan domin mu tattauna.

Na farkon shi ne The Blue Lamp, wanda Basil Dearden ya ba da umarninsa a kamfanin Ealing. Labarin wani dattijon ɗan sanda ne, George Dixon, mutumin kirki da kowa a unguwa ya sani, wanda wani saurayi ɗan fashi mai suna Tom Riley ya harbe a ƙofar gidan silima. Dirk Bogarde ne ya fito a matsayin saurayin. Tun kusa da farkon fim ɗin akwai muryar mai sharhi da ke yi wa 'yan kallo bayanin cewa irin waɗannan yara yaƙi ne ya wargaza musu gida ya ɓata musu tarbiyya, har ma ba su da irin ƙa'idar da tsofaffin ɓarayi suke kiyayewa. A ƙarshe ɓatagarin Landan da kansu suka taya 'yan sanda kama shi a filin tseren karnuka na White City. Wato manya duka, na kirki da na banza, sun haɗa kai a kan yaro.

Na biyu shi ne Saturday Night and Sunday Morning na Karel Reisz. Albert Finney ya fito a matsayin Arthur Seaton, saurayin da ke aiki a kan injin sassaƙa ƙarfe a masana'antar kekunan Rali da ke Nottingham. A nan ma akwai muryar da ke magana tun daga farko, amma muryar Arthur ce da kansa, yana ƙirga ƙarafan da ya sassaƙa, yana lissafin albashinsa na kimanin fam 14 a mako, yana raina tsofaffin ma'aikatan da wahala ta ladabtar, yana kuma faɗa mana cewa shi jin daɗinsa kawai ya sa a gaba. Yana shan giya har ya faɗo daga bene, yana neman matar abokin aikinsa, kuma fim ɗin bai kawo wani ɗan sanda ko malamin coci da zai yanke masa hukunci a madadinmu ba.

Abin da nake cewa shi ne, a cikin shekara 10 saurayin talakawa ya tashi daga wanda ake ba da labarinsa ya koma mai ba da labarin kansa, kuma ina ganin wannan sauyi ya faru ne a ƙasar kafin ya faru a silima. Me kuka gani?

Malam Bala:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, na yarda an samu sauyi, amma kafin mu ce saurayi ya samu bakin magana, mu tambayi wanda ya riƙe masa na'urar ɗaukar hoto. Dubi masu ba da umarnin irin waɗannan finafinai. Lindsay Anderson ɗan hafsan soja ne da aka haifa a Bangalore ta Indiya, ya yi makarantar kwana ta masu hali a Cheltenham, ya wuce Oxford. Tony Richardson da John Schlesinger su ma Oxford suka yi. Reisz ya zo Ingila yana yaro, ɗan gudun hijira daga Czechoslovakia, amma shi ma Cambridge ya yi. Waɗannan mutane sun hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa arewacin Ingila domin su ɗauki hoton hayaƙin masana'antu da layukan gidajen leburori. Ka lura da kyau, da wuya ka kalli fim irin wannan ba ka ga an kai saurayi da budurwa kan tudu suna hangen garinsu daga sama ba. Wanda ke zaune a cikin lungu ba daga can yake ganin lungunsa ba. Baƙo ne yake hawa tudu domin hoton ya yi kyau. Hatta fim ɗin da Reisz ya yi a 1959 a kan wata ƙungiyar matasa ta kudancin Landan, We Are the Lambeth Boys, kamfanin motoci na Ford ne ya ɗauki nauyinsa.

Malam Habu:
Malam Bala, maganarka tana kan hanya game da masu ba da umarni, sai dai ka tsallake marubuta. Alan Sillitoe, wanda ya rubuta littafin a 1958 kuma ya tsara labarin fim ɗin, ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya shiga aiki a wannan masana'anta ta Rali, inda mahaifinsa ma ya yi aiki. David Storey, marubucin This Sporting Life, ɗan mahaƙin kwal ne daga Wakefield. Su ma 'yan wasan haka: Finney ɗan Salford ne, Tom Courtenay ɗan Hull, Rita Tushingham 'yar Liverpool. Na'urar tana hannun 'yan boko, amma maganar da ke fitowa daga bakin jaruman ta cikin gida ce.

Kuma akwai dalilin da ya sa irin waɗannan mutane suka samu hanyar fitowa a daidai wannan lokaci. Dokar ilimi ta 1944 ta sa karatun sakandare ya zama kyauta, ta kuma buɗe wa wasu 'ya'yan leburori ƙofar manyan makarantu idan sun ci jarrabawar da yara ke yi suna shekara 11. Gwamnatin Firayim Minista Clement Attlee ta kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a 1948. Rabon abinci da kati, wanda aka fara lokacin yaƙi, bai ƙare ba sai 1954, kuma daga nan aiki ya wadata har yaro ɗan shekara 15 zai bar makaranta yau ya samu aiki cikin mako. A 1957 Firayim Minista Harold Macmillan ya tsaya a Bedford ya ce yawancin jama'ar ƙasar ba su taɓa samun walwala irin ta lokacin ba. Aikin soja na dole, wanda yake ɗauke samari har shekara 2, an daina kiran mutane zuwa gare shi a 1960. Saboda haka saurayi yana da kuɗi a aljihu, yana da lokacin kansa, bai san yunwar shekarun 1930 da ta karya ubansa ba, amma har yanzu a layin gidajen nan yake kwana, kuma ranar Litinin injin nan zai koma wa. Wannan shi ne Arthur Seaton, kuma fushinsa daga nan yake.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba masanin fim ba ne, amma da na ga an ambaci Rali sai na kasa yin shiru. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da keke Rali, kuma a garinmu a wancan zamani wanda ya mallaki Rali ya kai mutum. Ni nake goge masa shi kowace safiya, ina karanta sunan Nottingham a jikin tambarinsa ba tare da na san ko gari ne ko sunan mutum ba. A tunaninmu duk wanda yake ƙera irin wannan abu ai yana cikin daula. Abin da muke gani a majigi idan motar gwamnati ta zo filin kasuwa da dare shi ne Bature mai tsafta, mai natsuwa, wanda komai nasa yake kan tsari. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai Bature lebura da ke zagin shugabansa a zuci, yana jiran Asabar ta yi ya manta da wahala ba. Ku ci gaba, ina biye da ku.

Malam Habu:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan magabata. Abin da ka gani a majigi ba haka kawai ya zo ba. Gwamnatin Birtaniya ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara wannan aiki yana jami'in lafiya a Najeriya. Cikin abin da suka shirya akwai Mr English at Home na 1940, wanda ke nuna rayuwar wani magidanci Bature da iyalinsa domin mutanenmu su yi koyi. Ingilar da aka aiko mana ke nan. Ingilar Arthur Seaton kuwa ta cikin gida ce, kuma ita ma sai da aka yi shekaru kafin a yarda a haska ta ko a can.

Malama Rabi:
Ina yi wa kowa sallama, ina gaida Baba Alhaji. Malam Habu, na karanta bayaninka sau biyu, kuma duk inda ka ce matasa sai na ga samari kake nufi. Bari mu duba abin da ya samu matan da ke cikin waɗannan finafinai.

Brenda, matar auren da Arthur yake nema, ita ce ta yi ciki, ita ce ta shiga ruwan zafi tana shan barasa domin cikin ya zube, a lokacin da zubar da ciki laifi ne a dokar ƙasar, domin sai 1967 aka sauya dokar. Shi Arthur dukan sojoji biyu ya sha, ya kwanta kwanaki, ya tashi ya nemi auren Doreen. A Look Back in Anger, wanda aka fara yi a dandali a 1956 aka mayar da shi fim a 1959, Jimmy Porter yana jin haushin masu mulki da coci da jaridu, amma wadda yake sauke wa haushin ita ce matarsa Alison, tana tsaye tana guga. An bar jaki ana dukan taiki. A Room at the Top, Joe Lampton ya yi watsi da matar da yake ƙauna ya auri 'yar mai masana'anta domin ya hau sama, ita kuwa waccan ta mutu a hatsarin mota bayan ta yi tatil da giya.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yadda ake ɗora wa mata alhakin son abin duniya. A The Loneliness of the Long Distance Runner na 1962, mahaifin Colin ya mutu, an biya iyalinsa fam 500, sai aka nuna uwar tana ɓarnatar da kuɗin a kan talabijin da tufafi. A A Kind of Loving, surukar Vic ce take zaune gaban talabijin tana hana shi sakat. A ƙarshen fim ɗin Arthur kuma, Doreen ce take son sabon gida mai banɗaki a ciki, shi kuwa ya ɗauki dutse ya jefi wajen sababbin gidajen. Ni ban ga laifin yarinyar da ta girma tana fita tsakar gida cikin sanyin Ingila domin zagayawa ba idan ta ce tana son banɗaki a cikin ɗaki. Fim ɗin yana so mu ji cewa an kama namiji a tarko, alhali ita lafiyarta da mutuncinta take nema.

Inda na ga an yi wa yarinya adalci shi ne A Taste of Honey na 1961, kuma ba mamaki, domin Shelagh Delaney, 'yar Salford, ita ta rubuta wasan tun ba ta cika shekara 20 ba. Jo 'yar makaranta ce, uwarta ba ta damu da ita ba, suna gudu daga ɗakin haya zuwa wani saboda bashi, ta yi ciki ba aure, kuma duk da haka labarin nata ne daga farko har ƙarshe. Ba a mayar da ita darasi ga kowa ba.

Malam Habu:
Malama, na karɓi gyara. Maganata ta fi dacewa da samari, kuma ban yi tunanin dutsen Arthur ta wannan fuska ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne ƙarshen Billy Liar na 1963, inda Billy da Liz suka shiga jirgin dare zuwa Landan, shi ya sauka da sunan sayen madara ya bar jirgin ya tafi da gangan, ita kuwa ta wuce. Julie Christie ce Liz, kuma a wannan fim macen ce mai ƙarfin zuciya.

Malama Rabi:
Haka ne Malam, amma ka bi ta zuwa Landan ka ga abin da aka yi da ita. Bayan shekara 2 Schlesinger ya sa Julie Christie a Darling, inda 'yancin da mace ta samu ya ƙare da kaɗaici a wani katafaren gida a Italiya. Sun bar ta ta hau jirgi, ba su bar ta ta isa lafiya ba.

Malam Iliyasu:
Ina gaishe ku daga Kumasi. Tun da Malama ta kawo A Taste of Honey, ina da abin faɗa. Baƙin ma'aikacin jirgin ruwan da ya yi wa Jo ciki, Paul Danquah ne ya fito a matsayinsa, kuma shi ɗa ne ga J. B. Danquah, ɗaya daga cikin manyan da suka yi fafutukar 'yancin Ghana, wanda ya rasu a kurkukun Nsawam a 1965. An nuna shi da mutunci da tausayi, amma jirginsa ya tashi tun labari bai yi nisa ba, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Wannan ne ya sa nake ganin ma'aunin Malam Habu bai hau kan baƙar fata ba. Jirgin Empire Windrush ya sauke mutanen Karibiyan a Tilbury a 1948, kuma kafin shekara 10 akwai unguwanni cike da su da 'yan Afirka ta Yamma da 'yan Indiya da Pakistan. A watan Agustan 1958 aka yi rikicin launin fata a Nottingham, garin Arthur Seaton, sannan a Notting Hill ta Landan, inda samarin Turawa, da yawansu 'yan gayun nan da ake kira Teddy Boys, suka far wa gidajen baƙaƙe. Fim ɗin da ya biyo bayan wannan shi ne Sapphire na 1959, na Dearden ɗin nan dai. Da gawa aka buɗe shi: ɗaliba ce da kowa ya ɗauka Baturiya ce, sai yayanta likita ya zo, Earl Cameron, aka ga baƙi ne. Daga nan har ƙarshe 'yan sanda biyu Turawa muke bi suna shiga gidajen baƙaƙe suna tambayoyi. Wato a shekarar da saurayin Bature yake dab da samun bakinsa, baƙar yarinya gawa ce da ɗan sanda ke yi mana bayaninta, kamar dai a 1950.

Wani abu kuma, a littafin Sillitoe akwai wani baƙin soja mai suna Sam daga Gold Coast, wato Ghana ta yau, da ya zo bikin Kirsimeti gidan gwaggon Arthur, amma a fim ɗin babu shi. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Horace Ové, ɗan Trinidad, ya yi Pressure, inda baƙin saurayi haifaffen Landan ya ba da labarin neman aikinsa da kansa.

Malam Bala:
Malam Iliyasu ya ƙarfafa mini gwiwa. Zan ƙara da batun kasuwa, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1946 an sayar da tikitin silima sama da biliyan 1.6 a Birtaniya, amma zuwa 1960 abin ya faɗo zuwa kimanin miliyan 500. Talabijin ne ya jawo haka, musamman bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953 da buɗe tashar 'yan kasuwa ta ITV a 1955. Iyaye suka zauna a gida, waɗanda suka rage a layin tikiti galibi matasa ne. Masu silima suna buƙatar abin da talabijin ba zai iya nunawa ba, kuma tun 1951 hukumar tace finafinai ta fito da shaidar X ta 'yan shekara 16 zuwa sama. Room at the Top da fim ɗin Arthur duk da wannan shaida suka fita. Saboda haka ba tausayin lebura kaɗai ya kai shi allo ba, aljihunsa ma ya taimaka.

Kuma mu tuna abin da matasan suke rububin kallo: finafinan waƙa na Cliff Richard, na ban tsoro na kamfanin Hammer, na barkwanci na Carry On, sai James Bond daga 1962. A 1956 da aka nuna Rock Around the Clock, fim ɗin Amurka, yara sun tashi suna rawa a tsakanin kujeru har wasu garuruwa suka hana nuna shi. The Wild One na Marlon Brando kuwa hukumar ta hana shi shaida fiye da shekara 10 saboda tsoron kada 'yan babur su kwaikwaya.

Nasiru:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙarami ne a nan, amma da yake karatu ya kawo ni Ingila, zan faɗi abin da na lura da shi. Malam Bala, gaskiya ne kasuwa ta yi tasiri, sai dai fim ɗin Arthur shi ma ya yi kasuwa sosai, kuma dattawan da na zanta da su a nan abu ɗaya suke maimaitawa, wato a nan suka fara jin jarumi yana magana da irin harshen gidansu. Kafin lokacin, mai karin harshen arewa a fim yawanci baran gida ne ko abin dariya. A ƙasar da ake gane matsayin mutum daga buɗe bakinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tsoron da manya suke yi wa yara kuwa bai tsaya a silima ba. A 1952 wani yaro ɗan shekara 16, Christopher Craig, ya harbe ɗan sanda a Croydon. Shi ƙuruciya ta hana a rataye shi, amma abokinsa Derek Bentley, ɗan shekara 19, wanda bai harba ba kuma yana hannun 'yan sanda lokacin da aka yi harbin, an rataye shi a Janairun 1953, sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Duk lokacin da na kalli The Blue Lamp sai Bentley ya faɗo mini a rai.

Game da abin da ya biyo baya, bayan Tom Jones ya ci kyautar Oscar kuma A Hard Day's Night na mawaƙan Beatles ya fito a 1964, kamfanonin Amurka suka zuba kuɗi, labari ya bar arewa ya koma Landan ta kwalliya da kaɗe-kaɗe. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne Kes na Ken Loach, 1969, da aka ɗauka a Barnsley. Billy Casper ɗan shekara 15 ne, yana makarantar waɗanda ba su haye jarrabawar shekara 11 ba, kuma kowa ya san ramin kwal ne ke jiransa. Ya ɗauko ɗan ƙaramin shaho daga sheƙa, ya saci littafi ya koyi yadda ake horar da shi, kuma ranar da wani malami ya ba shi dama ya yi bayani a aji, kowa ya yi tsit yana sauraro. Yayansa Jud ya kashe tsuntsun saboda Billy ya kashe kuɗin cacar doki da ya aike shi ya biya. Dokar 1944 da Malam Habu ya yaba ita ce ta ɗaga wasu 'ya'yan leburori, kuma ita ce ta ware mafi yawan yara irin Billy tun suna shekara 11.

Malam Habu:
Nasiru, ka kawo abin da ya kamata in faɗa tun farko. Har yanzu ina kan bakana cewa muryar da ke buɗe fim ta sauya hannu tsakanin 1950 da 1960, amma Malama Rabi da Malam Iliyasu sun nuna mini hannun wa ta koma. Colin Smith na The Loneliness of the Long Distance Runner, da ya tsaya cak dab da layin ƙarshe na tseren gudu ya bar ɗan makarantar masu kuɗi ya wuce shi domin kada shugaban gidan horon kangararru ya samu kofi da guminsa, an mayar da shi aikin kwance tsofaffin kayan yaƙi, kuma a nan fim ɗin ya bar shi.

Alhaji Garba:
Allah ya yi muku albarka, na ƙaru ƙwarai. Nasiru ɗana, tun da kana can, ita masana'antar Ralin tana nan har yanzu?

Nasiru:
Baba Alhaji, sunan yana nan ana sayar da kekuna da shi, amma an daina ƙera su a Nottingham tun 2002, aka koma kawo su daga Asiya a lokacin. Wani ɓangare na filin masana'antar yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce, da tafki da ɗakunan kwanan ɗalibai. Na taɓa zuwa wajen taro, kuma idan Allah ya sake kai ni zan ɗauko maka hoto.